Ranar da Na Wuce Harlan

Shekara talatin da huɗu ke nan da aurena da Lorna, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ambatar sunan Harlan Doss ban ji kishi ya taso mini ba. Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai san ni ba.

Gonar su Harlan da ta su Lorna shingen waya ɗaya ne ya raba su, can bayan garin Jerome. Tare suka tashi, motar makaranta ɗaya suke shiga, shi ne kuma ya raka ta rawar kammala sakandare. Ni baƙo ne, daga birnin Boise aka turo ni koyar da tarihi, da tabarau da hannuwa masu laushi. Ni ɗin ta aura. Amma har gobe Harlan "Loni" yake ce mata, sunan da iyayenta kaɗai ke kiranta da shi, ni kuma ya ce mini "Farfesa". Ba da mugunta yake faɗa ba. Da ma da muguntar ce, da na san yadda zan rama.

Duk watan Yuli mutanen cocinmu, gida biyar ko shida, sukan ja tirelolin kwana zuwa bakin kogin Salmon, kusa da garin Stanley, su yi mako guda suna kamun kifi. Ni ban taɓa zuwa ba, kullum ina da ajin da nake koyarwa lokacin hutu. Lorna takan bi yayarta, in ta dawo kuma sai in yi wata guda ina shan labari. Harlan ya kama kifi kamar cinyar mutum. Harlan ya gyara wa wance famfon ruwa da waya da cingam. Harlan ya yi ribas da tirelarsa tsakanin bishiyoyi biyu da hannu ɗaya, kofin kofi a ɗayan, ko ɗigo bai zuba ba. Da matarsa Joyce ta rasu shekara biyu da suka wuce na yi masa ta'aziyya da gaske, amma ba zan ɓoye ba, tun a maƙabarta na fara tunanin cewa yanzu shi kaɗai ne a tirelar nan tasa.

Ina yin ritaya na sayi a-kori-kura ta hannu, na sayi tirela mai tsawon ƙafa ashirin da huɗu, da gado da murhu da banɗaki a ciki. Ni da ko kwandon shara ban taɓa ja da mota ba.

Ranar Asabar, kwana biyu kafin tafiya, sai ga Harlan a ƙofar gidanmu. Lorna ce ta kira shi, ba ta kuma gaya mini ba.

"Farfesa! Ashe an shigo sahun manya," ya ce, yana zagaya tirelar yana duba tayoyi. "Kai, ta yi kyau. Zo in nuna maka abubuwa biyu-uku, kada ka je ka ba mu kunya a hanya."

"Na karanta littafinta," na ce.

"Na sani, ai ba ka barin littafi ya tsira. To amma littafi ba ya jin iska."

Lorna ta yi dariya. Irin dariyar nan da take karkatar da kai gefe. Daga nan rabin kunnena ne kawai ke tare da shi.

Ya tsuguna wajen mahaɗin mota da tirela. Ya nuna yadda bakin tirela ke sauka a kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota, yadda ake danne marfinsa a soka masa fil, sannan a ɗan ɗaga da jak a ga ko ya kama da gaske. Ya gicciye sarƙoƙi biyu a ƙarƙashi, ya ce ko da bakin ya kuɓuce, a kansu zai zauna, ba zai caki kwalta ba. Ya sa Lorna ta tsaya a baya tana faɗa masa in fitilar birki da sigina sun kama. Sai ya miƙe ya dube ni.

"Abu uku kawai nake so ka riƙe. Kaya masu nauyi, gaban tayoyin tirela, a ƙasa. Kada ka wuce mil hamsin da biyar a awa, ko wa ke maka hon. In kuma ta fara kaɗa wutsiya, kada ka taka birkin mota, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe ta miƙe, ka matse wannan." Ya leƙa cikin motar ya taɓa ɗan akwatin birkin tirela da ke kusa da gwiwata ta dama. "Ka ji ko, Farfesa?"

"Ba kurma ba ne ni."

"Loni, ki riƙe masa, na ga hankalinsa na wani wuri."

"Kullum haka yake," in ji ta. Ta kawo masa kofi da yankan kek ɗin da na ɗauka nawa ne na yamma.

Ranar Lahadi Lorna ta loda kaya. 'Yar manoma ce, ba ta tambayi kowa ba. Janareto, jarkokin ruwa huɗu, tukwanen ƙarfenta uku, itacen wuta, akwatin kayan aiki, duk ta jera su a gaba, ta ɗaure. Da safiyar Litinin ta tafi kai kyanwarmu gidan maƙwabta, ni kuma na haɗa tirelar da mota. Na yi komai yadda aka nuna, har gicciye sarƙa. Da na sauke jak na ja baya na duba, sai na ga bayan motar ya ɗan durƙusa.

Ba wani durƙuso ba ne, bai fi faɗin yatsu uku ba. Amma ina ganinsa na ji muryar Harlan a kunnena: Farfesa, wannan 'yar motar taka kamar ta gaji tun ba a tashi ba. Na ga Lorna tana karkatar da kai. Motarsa babba ce, mai taya huɗu a baya, ko gida aka ɗora mata ba ta sunkuyawa.

Na shiga tirelar na kwance igiyoyin Lorna. Na ja janareto har can ƙarshe, gaban banɗaki. Na bi shi da jarkoki, da tukwane, da itace. Gumi ya jiƙe mini riga. Da na fito na sake dubawa, motar ta miƙe sak, har kamar tana ɗaga ƙeya. Na kulle ƙofar tirelar na sa makulli a aljihu.

A gidan man da ke bakin gari muka haɗu da sauran. Harlan ya ce shi zai shiga gaba, mu bi shi, sauran su biyo mu. Ya miƙa wa Lorna 'yar rediyon oba-oba ta taga.

"In kin ga wani abu ki kira ni, Loni."

Har garin Shoshone lafiya lau. Na ji sitiyarin ya yi sakayau a hannuna, kamar motar ba ta taka ƙasa sosai, amma na ɗauka haka jan tirela yake. Bayan Shoshone hanya ta miƙe cikin fili, ba bishiya ba gida, sai baƙin dutse da ciyayi, iska kuma tana bugowa daga yamma. Harlan na gabana a kan hamsin da biyar, ba ƙari ba ragi, kamar an ɗaure allurar ma'aunin gudunsa. Rediyon ba ta huta ba.

"Loni, kin tuna lokacin da motar babanki ta mutu mana a daidai nan, da shanu takwas a baya?"

"Na tuna! Ka tafi neman ruwa ka dawo da kankana."

"Ai ita ma ruwa ce."

Suka yi ta dariya, ita a gefena, shi a cikin rediyo. Ban san wannan labarin ba. Shekara talatin da huɗu, ban taɓa jin zancen kankana ba.

"Ki ce wa Farfesa ya ɗan ja baya," muryar ta sake cewa. "Ya matso ni da yawa. In na taka birki, a gadona zai kwana."

"Ka ji," in ji Lorna.

"Na ji. Tafiyar kunkuru yake yi."

"Orrin, hamsin da biyar ya ce."

"Shi ya ce. Ni ban ce ba."

Na leƙa, hanya fayau. Na kunna sigina na fita na taka totur. Sittin. Sittin da biyar. Muka jera da shi, na ga ya juyo yana kallona, bakinsa a buɗe. Wallahi na ji daɗin wannan kallon, ba zan yi ƙarya ba. Saba'in. Na wuce shi na koma hannuna.

A daidai nan hanya ta ɗan gangara, sai ga wata babbar mota cike da damin ciyawa ta taho daga gaba. Da ta gifta, iskarta ta mare mu. Na ji an ja bayan motar zuwa dama. Na murɗa hagu. Aka ja ta hagu, fiye da na farko. Na duba madubi na ga gefen tirelar gaba ɗaya, har da tagar kicin, abin da bai kamata in gani ba. Ta ɓace, ta ɓullo a ɗaya madubin. Tayoyi suka fara kuka. Wani abu ya faɗi a ciki kamar an rushe katanga. Ƙafata ta tashi da kanta ta nufi birki.

"Kada ka taka!" Lorna ta daka mini tsawa. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. "Ɗaga ƙafarka! Riƙe shi miƙe, Orrin, miƙe, kada ka bi ta!"

Ta sunkuyo har bel ɗinta ya ɗaure ta, ta miƙa hannu ta matse ɗan akwatin nan da ke gwiwata. Na ji an riƙe mu daga baya, kamar an ja linzami. Tirelar ta sake kaɗawa sau ɗaya, ta sake, amma kowane bai kai na baya ba. Allura ta sauko. Hamsin. Arba'in. Talatin.

"Yanzu taka a hankali. Sauka gefe. Ƙara gaba, akwai fili."

Muka tsaya. Na kasa sakin sitiyarin. Lorna ce ta kashe motar, ta kunna fitilun gargaɗi.

Harlan ya tsaya a bayanmu, ya taho da gudu, tsoho mai shekara sittin da uku, hularsa ta faɗi bai ko waiwaya ba. Na shirya wa gori. Na ma fi son gorin. Amma fuskarsa ta yi fari fat.

"Kuna lafiya? Ku biyun? Orrin, kana lafiya?"

Ranar ce ya fara kirana da sunana.

"Tayarta ta hagu ta bar ƙasa," ya ce. "Da idona na gani. Na ga haske a ƙarƙashinta." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Ban gane ba. Ko a saba'in bai kamata ta yi haka ba. Loni, ya kika loda ta?"

"Yadda aka saba. Komai a gaba." Ta miƙo mini hannu. "Ba ni makulli."

Na ba ta. Ta buɗe ƙofar, ruwa ya kwararo ya jiƙa mata takalmi. Jarka ɗaya ta fashe. Tukunyar ƙarfe ta fasa ƙofar banɗaki, janareto ya kife a kan itace, duk a can ƙarshe. Gaban kuwa wayam, sai igiyoyinta a ƙasa, a kwance.

Ta daɗe tana kallo. Harlan ma ya leƙa, ya gani, ya ja baya ya shiga duba tayoyi kamar bai ga komai ba. Sauran motocin sun fara tsayawa a bayansa.

"Harlan," in ji Lorna, ba ta juyo ba, "ku wuce. Ka ce musu jarka ce ta fashe. Za mu same ku."

"In taimaka a mayar da..."

"Wanda ya kwashe shi zai mayar."

Suka wuce ɗaya bayan ɗaya, yayarta tana leƙowa ta taga. Muka rage mu biyu da iska.

"Me ya sa?" ta ce.

"Bayan motar ya durƙusa."

"Ai dole ya durƙusa, nauyi ya hau. Me ya sa, Orrin?"

Ta jira. Lorna ta iya jira.

"Ba na so ya yi mini dariya a gabanki."

"Wa?"

"Kin san wa."

Ta zauna a matakalar tirelar ta cire takalmin ta zazzage ruwa. "Yau ka kusa kashe ni," ta ce, "saboda mutumin da na ce wa a'a tun ina 'yar shekara goma sha tara."

"Ya nemi aurenki?"

"Sau biyu."

Ka ji wani sabon abu kuma. Kamata ya yi in ji sanyi, tunda a'a ta ce. Maimakon haka sai na ji kalmar "biyu" ta zauna mini a ƙirji.

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"In faɗa maka? Kai da kek kaɗai na ba shi ka yi kwana biyu kana kumbure-kumbure?" Ta mayar da takalmin. "Kuma don ka sani, birkin nan ba shi ya koya mini ba. Ina 'yar sha huɗu nake jan tirelar shanu da babana. Da ka tambaye ni da na koya maka komai a filin coci, ba wanda zai gani. Amma kai ba ni kake kallo ba. Shi kake kallo. Shekara talatin kana kallon Harlan, har na fara tunanin ko kai ne ya kamata ka aure shi."

Na kwashi kusan awa ina mayar da kaya. Ba ta ɗaga ko tsinke ba. Tana tsaye a ƙofa tana cewa wannan nan, wancan can, ɗaure da kyau, sake ɗaurewa. Da muka gama ta zagaya ta duba mahaɗi da sarƙoƙi da kowace taya, ta sa hannu ta ji zafinsu. Na miƙa mata makullin mota.

"A'a," ta ce. "In ka sauka yau ba za ka sake hawa ba. Shiga."

Na ja mu a kan hamsin. Sitiyarin ya yi nauyi a hannuna, motar ta kama ƙasa. Rediyon oba-oba tana cikin aljihun gaban mota, a kashe.

Da la'asar muka isa. Kowa ya riga ya kafa, an fito da kujeru, sai gurbinmu kaɗai ya rage, tsakanin wata bishiya da tirelar Harlan. Ribas ke nan, a gaban mutum goma sha ɗaya.

Lorna ta sauka ta zo tagata. "Sa hannunka a ƙasan sitiyari. Inda kake so bayanta ya tafi, nan za ka kai hannun. Kaɗan-kaɗan. In ba ka ganina a madubi, tsaya."

Karo na farko, tirelar ta nufi bishiya. Na biyu, ta lanƙwashe har ta kusa sumbatar motar. Mijin yayarta ya ɗaga murya, "Malam, a kogin za ka ajiye mana ita?" Aka yi dariya. Na ga Harlan ya miƙe daga kujerarsa, ya yi taku biyu, Lorna ta dube shi sau ɗaya, ya koma ya zauna. A karo na bakwai ta shiga. A karkace, amma ta shiga. Lorna ta sa weji a tayoyi, aka tafa mini kamar yaron da ya ci jarrabawa da ƙyar.

Washegari da hantsi na sami Harlan a bakin kogi shi kaɗai, yana ɗaura ƙugiya. Na tsaya kusa da shi. Na yi niyyar cewa na gode, ko kuwa yi haƙuri, ban san wanne ba, kuma babu wanda ya fito.

"Jiya sau bakwai," ya ce, idonsa a kan zare.

"Na ƙirga."

"Ni a karon farko sau goma sha ɗaya na yi, na kuma karya fitila. Joyce ce ke tsaya mini a baya. Ba ta san hagu da dama ba, Allah Ya ji ƙanta, sai dai ta yi ta kaɗa hannu kamar mai korar kaji." Ya ciji zaren ya tsinke. "Wannan ribas da hannu ɗaya da ake ta zance, bayan ta rasu na koya. In ba kowa a madubi, dole ka iya."

Ya jefa ƙugiyarsa. Muka tsaya muna kallon ruwa.

"Ta ce ka nemi aurenta," na ce.

"Ta faɗa maka?" Ya yi 'yar dariya. "Ta ce ni ba na karanta komai sai bayan buhun taki. To ga shi ta sami mai karatu, yana neman jefa ta a rami."

Na so in ji haushi, amma gaskiya ya faɗa.

Ba zan ce na warke ba. A makon nan na ga ya nuna mata wani tsuntsu a kan reshe, kafaɗarsa kusa da tata, na ji abin ya taso mini kamar dā. Kifi tara ya kama, ni biyu, ɗaya ma Lorna ta ce in mayar da shi wurin uwarsa. Sai dai kowace safiya, kafin a gama karyawa, nakan haɗa tirelar mu tafi wani fili kusa da inda ake sauke kwale-kwale, ni da ita, ta jera jarkoki, in yi ta ribas a tsakaninsu har rana ta yi zafi. Na take jarka biyu. A rana ta biyar na shiga a karo na biyu.

Ranar komowa ni na loda kaya, ta duba ba ta canja komai ba. Da muka hau tudun Galena muka fara gangarowa, na sa ƙaramar giya na bar injin yana riƙe mu, ina taɓa birki kaɗan ina saki. Talatin da biyar nake yi. Motoci suka yi layi a bayana, wani saurayi a jar mota yana ta hon. Da na sami wurin rakuɓewa na rakuɓe suka wuce, saurayin ya fito da hannu ya yi mini daƙuwa. Na juya in gaya wa Lorna, sai na ga ta jingina kai da gilas, bakinta a ɗan buɗe, tana barci. Na rage rediyon mota, na duba madubi, na koma kan hanya.